Zuciyar Giginya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya tsayar da itatuwa ba da turke ba, ya ajiye wa kowanne ƙarfinsa a inda ya ga dama. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ku gyara zama, ku bar hira da na kusa da ku, domin ba na son maimaita magana.

Ni ne Malam Hambali ɗan Goje, mutumin Birnin Sambalo ta ƙasar Balandi, wadda ke bayan duwatsu bakwai, inda rana kan yi nawar faɗuwa. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da rubutu da sanin tsirrai a makarantar birninmu. Ban taɓa makara ba, ban kuma taɓa barin kuskure ya kwana a littafin ɗalibi ba.

Sa'ad da nake yaro, in ka fita ƙofar yamma, madaci da kirya da ƙawo ne ke rufe maka sama. Aka yi ta sara, ana katako ana gawayi, ba mai shukawa, har aka wayi gari masassaƙanmu na zaune a rumfa suna korar ƙuda. Abin da ya rage a tsaye sai giginya. Ita kuwa a wurinmu ta rufin ɗaki ce, a tsaga ta a yi azara, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa tunanin zama a kanta.

Da na ajiye aiki, tsofaffin ɗalibaina suka yi shawarar ba ni kujera ta girmamawa. Suka ɗora aikin a kan Sallau masassaƙi, wanda shi ma ya zauna a ajina. Sallau ya ce katako dai babu, amma zai gwada giginya. Da labari ya iske ni, sai na taka zuwa rumfarsa in ga abin da ake yi da sunana. Na tarar ya tsaga gungume, yana ware baƙin bayan gefe guda, yana ture farin cikin da ƙafa.

Na ce, "Sallau, me nake gani? Baya kake tarawa, kana zubar da zuciya?"

Ya ce, "Malam, cikin nan fa gizagona nutsewa yake yi kamar ina saran rogo. Bayan kuwa har tartsatsi yake yi."

"A aji nawa na koya maka sassan itace?"

"Aji huɗu, Malam."

"Me na ce?"

Sallau, mutum mai 'ya'ya shida, ya sunkuyar da kai, ya rera kamar yadda suke rerawa a aji: "Ɓawo riga ne, farin itace ruwa ne, ƙarfin itace yana zuciyarsa."

Na ce, "To?"

Ya ce, "To, Malam."

Ranar biki da hantsi dandali ya cika. Aka yi jawabai, aka yaye zane daga kan kujera, aka ce in zauna. Na tattara riga na zauna. Ban gama jingina ba sai na ji rugum! Ƙafafuna a sama, hulata ta gangara har gaban masu kiɗa. Jama'a suka yi ta riƙe dariya har ta fi ƙarfinsu. Kafin azahar, matan da ke layin rijiya sun raɗa mini suna Malam Rugum.

Washegari na kai ƙarar Sallau gaban Alƙali Jibo. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, an zubar mini da mutuncin shekara talatin da biyar a gaban mutanen da na koya wa riƙon alƙalami. Ina neman haƙƙina."

Aka tambayi Sallau. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Na yi iyakar yina."

Alƙali ya ce shi bai san ko laifin hannu ne ko laifin itace ba, kuma duk Sambalo ba wanda ya san halin giginya. Sai dai fatake na cewa can kudu akwai wani Birnin Dogaye, inda komai da ita ake yin sa. Bisa al'adarmu, aka karɓe gizagon Sallau aka rataye shi a zauren shari'a. In ruwan farko ya sauka ba a kawo shaidar da ta wanke shi ba, za a karya gizagon a kasuwa, a hana shi sassaƙa har abada. Wanda ake ƙara kuwa ba ya barin gari.

Da na zauna a gida da na ci shari'a a ɓagas. Amma ni ba na son hukuncin da aka gina a kan wataƙila. So nake a rubuta cewa Sallau ya yi ha'inci, da hujja. Ku lura, maganar da muka yi a rumfarsa ko a raina ban kawo ta ba, domin a ganina abin da yake daidai ba ya shiga cikin abin tuhuma. An gama girbi ke nan na ɗauki sandata, da takardar ƙarata, da karyayyiyar ƙafar kujerar, na cika jaka da ƙuli-ƙuli, na fita ta ƙofar kudu.

Kwana goma sha ɗaya ina tafiya, sai na faɗa Dajin Kututture. Iyakar ganin ido ba ganye ba inuwa, kututturai ne a jere kamar 'yan aji. Ina kaiwa tsakiyarsu ƙafafuna suka kafe a ƙasa. Wata murya kamar ana jan turmi ta ce, "Kai ɗan masu gatari, ba a wuce mu sai an kira mu da sunayenmu. Wanda ya kasa, saiwa ta fito masa ya zauna tare da mu."

Na duba da kyau, sai na ga wasu kututturan da hula a kansu.

Gaskiya mamaki ya fi tsoro yawa a zuciyata, domin ban taɓa samun damar yi wa itace tambaya ba. Suka riƙa matsowa ɗaya bayan ɗaya. Na lasa na farko, ɗaci ya kama mini harshe, na ce madaci. Na biyu na ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara kamar ƙarfe, na ce kirya. Na uku ƙanshin ƙaro ne ya tona shi, na ce maje. Duk wanda na kira sai ya tambaye ni, "Me aka yi da ni?" In ce wataƙila ƙofa, wataƙila turmi. Wani tsohon ƙawo mai zoben shekara ɗari da ashirin ya ce shi ya ji an ce gawayi aka yi da shi, aka gasa masara. Kowannensu kuma na leƙa tsakiyarsa, na ga zuciya ja ko baƙa, mai tauri, na ce a raina, ka ji ko, Sallau.

Sai aka turo mini wani wanda ban gane ba. Na lasa, ba ɗanɗano. Na shinshina, ba ƙanshi. Na ji wani abu yana tsirowa tsakanin yatsun ƙafata. Nan na tuna abin da kowane malami ke yi in ɗalibi ya ƙure shi. Na gyara murya, na buga sanda a ƙasa.

Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ce. Ba zan faɗa ba sai na ga ko maƙwabtansa sun san shi. Kai na baya, barci kake yi? Wa zai gaya mana?"

Daji ya ɗauka gaba ɗaya, kowa na son a ji muryarsa: "Tawatsa ce! Tawatsa ce!"

Na ce, "Madalla. Tawatsa. Ku zauna."

Ƙafafuna suka saku. Ban gudu ba, domin malami ba ya gudu a gaban aji, amma na yi sauri.

Bayan kwana tara na hango wasu jajayen duwatsu masu tsini. Da na matso sai na ga ashe suri ne, kowanne ya fi hasumiya tsawo, da ƙofofi da tituna. Masarautar Gara ke nan. Mai tsaron ƙofa wani zago ne, girmansa ya kai ɗan akuya, kansa ja wur, muƙamuƙinsa kamar almakashi.

Ya ce, "Baƙo, shimfiɗa kayanka. Dokarmu ita ce duk abin da ya ciwu namu ne. Mukan ɗauki abu ɗaya mu cinye, sannan mu wuce na gaba."

Suka fara da sandata, wadda ta kirya ce. Suka ɗan sha wuya, amma suka gama da ita. Suka cinye ƙotar wuƙata. Abin da ya rage ƙafar kujera da takardar ƙarata, wadda na kwashe kwana uku ina rubutawa. Na tura musu ƙafar, ina jin takaicin rasa shaidata. Kafin in ƙifta ido farin itacen ya zama gari. Amma a gefe guda akwai wani siririn baƙin tsiri, ɗan abin da ya saura daga bayan giginyar, wanda Sallau bai kankare ba. Suka taru a kansa, suka yi ta gurgura, ko alama. Zago ya ture su ya kafa muƙamuƙi, sai ga shi ya ja da baya yana riƙe da baki.

Ya ce, "Ture wannan. Miƙo takarda."

Na ce, "A'a. Maimaita dokar da ka faɗa."

"Duk abin da ya ciwu namu ne."

"Ci gaba, ba nan ka tsaya ba."

"Mukan ɗauki abu ɗaya mu cinye, sannan..."

Na ce, "Sannan. Kun cinye? Ba a buɗe sabon shafi sai an gama na baya. Bismilla, ina jira."

Na zauna na harɗe ƙafa. Runduna bayan runduna suka yi ta zuwa suna komawa da ciwon baki, har la'asar. Daga ƙarshe zago ya jefo mini tsirin, ya ce, "Ɗauki tsiyarka ka wuce. In ka je, ka gaya wa mutanen Dogaye muna nan muna jiran ranar da za su yi sakaci."

Na wuce ina jujjuya tsirin nan a hannu. Yaya aka yi riga ta gagari haƙorin da ya cinye kirya, zuciya kuwa ta narke kamar alewa? Kwana shida tambayar nan tana tafiya tare da ni, duk amsar da na ba ta sai ta dawo.

Ran na bakwai na hau wani tudu, sai ga Birnin Dogaye a bakin wani babban gulbi. Giginyu dubbai, kansu na goga gajimare. Ƙofar gari baƙa ce mai sheƙi, da ɗigo-ɗigo kamar gashin zabo. Na shiga ina taɓa komai kamar baƙauye. Gadaje, akwatuna, tebura, ƙyaure, kujerun tsakar gida, har gadar da raƙuma ke bi da kaya, duk giginya. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin wani benci a kasuwa, na nemi ƙusa ko guda ban gani ba. Mai bencin ta ce, "Baba, in wani abu ka yar, gaya mini in taya ka nema."

Aka kai ni wurin shugabar masassaƙansu, wadda suke kira Uwar Azara. Wata tsohuwa ce, Iya Tasalla, gajera, da goro a kumatu, tafin hannunta kamar ƙirgi.

Ta ce, "Baƙo, daga ina da wannan fuska kamar an cinye maka tuwo?"

Na karanta mata ƙarata daga farko har ƙarshe, na miƙa mata tsirin. Ta danna shi da farce, ta ce, "Wannan tsohon namiji ne, ya haura shekara sittin. Itace na gari. Ina sauran?"

"Gara ta cinye."

"Gara ba ta cin wannan."

"Zuciyar ta cinye, Iya. Da zuciyar aka yi kujerar."

Ta daina tauna goro. Ta ce, "Da mece?"

Ta ja ni bayan rumfa inda aka kayar da wata giginya, an yanke ta a gicciye. Ta ce in duba. Na nemi zobe irin na sauran itatuwa, babu ko ɗaya. Ɗigo ne baƙaƙe, a bakin da'ira sun cushe har ba masaka tsinke, suna raguwa suna raguwa, a tsakiya sai ɗaiɗai cikin wani farin abu. Ta ce, "Sa yatsa." Na sa a gefe, kamar dutse. Na sa a tsakiya, yatsana ya shige har gaɓa ta biyu.

Ta ce, "Malam, itatuwanku ƙiba suke yi, kowace shekara su ƙara riga, tsohon ciki ya yi tauri. Ita wannan ba ta ƙiba, tsawo take yi. Ɗigon nan da kake gani jijiyoyi ne, su ke riƙe ta in iska ta taso, shi ya sa suka taru a baya. Dabino haka, goruba haka, kwakwa haka. Cikin kuwa totuwa ne, mu awaki muke zuba wa. Masassaƙinku ba shi da hannu ne? Ai gizago kaɗai ya isa ya gaya masa."

Ina jin muryar Sallau yana cewa kamar yana saran rogo.

Ta ci gaba, "A nan, wanda ya zubar da bayan tsohuwar giginya ya yi babban laifi, ko a wace ƙasa yake. Kuma ba hannu muke tuhuma ba, bakin da ya ba da umarni muke tuhuma. In shi ya yi gaban kansa, faɗi sunansa, in ba ka shaida a rubuce, in tura manzanni su taho da shi. Zai zauna nan yana shuka giginya, ba zai tafi ba sai an ci daga abin da ya shuka."

"Shekara nawa ke nan?"

"In ta yi sauri, goma sha biyar."

Ga abin da na taka ƙasa uku ina nema, an miƙo mini. Ba wanda ya ji maganarmu a rumfa, Sallau kuma ba zai taɓa faɗa ba. Na buɗe baki, sai na ga abin da za a rubuta ba daidai ba ne, ni kuwa ban taɓa sa hannu a kan abin da ba daidai ba.

Na ce, "Iya, bakin yana gabanki. Ni ne."

Ta dube ni daga hula har takalmi. Ta ce, "Kai masassaƙi ne?"

"Malamin makaranta ne."

Ta ce, "Ai shi ya sa. A ba shi kwando."

Aka ba ni kwandon ƙwallayen giginya, aka nuna mini fili a bakin gulbi. Ina binnewa ina tunani. In na shekara goma sha biyar a nan, gizagon Sallau zai karye da ruwan farko, a kan laifin da ba nasa ba. Na koma wurinta na ce a karanto mini dokar kalma da kalma. Aka ɗauko allon da aka rubuta ta, aka karanta: ba zai tafi ba sai an ci daga abin da ya shuka. Na sa aka sake karantawa. Na ce na gode, na koma bakin aikina, ina ban ruwa safe da yamma.

Tsakanin ban ruwa da ban ruwa ina rumfarta ina tambaya, har ta ce tunda aka haife ta ba ta ga mutum mai "don me" irina ba. Na ga ba sa sarar giginya sai ta tsufa, kuma namiji ya fi mace tauri. Gindi suke ɗauka, ƙasa da kumburin nan da take yi a sama. Su tsaga ta huɗu, su kwashe totuwar da gizago har sai baƙi ya bayyana, su jingine ta a inuwa ta bushe a hankali. Ƙusa tsaga ta take yi, don haka ƙarfe suke sawa a wuta su huda, su zura turaku na giginyar kanta. Su goge da yashin gulbi, kullum ta inda jijiya ta kwanta, sannan su shafe da man kaɗanya, su cika bakin yanka da kakin zuma don kada ruwa ya shiga. Ranar da na goge ta baibai, sartse bakwai Iya ta cire mini da allura tana dariya.

Ta ce, "Ka ga, ita ma tana gyara wa ɗalibi kuskure."

Ƙasarsu mai albarka ce. Wata huɗu da shukata na ɗauki fartanya, na tone rami uku, na ciro muruci fari sol. Na dafa, na ɓare, na kai mata a akushi kamar abin kyauta. Ta ɗauka ta gatsa, ta ce ya yi gari. Ta ƙara na biyu.

Na ce, "Iya, a ɗauko allon doka."

Ta tsaya da murucin a hannu. Ta dube shi, ta dube ni.

Na ce, "Ba a rubuta 'ya'ya ba. An rubuta a ci daga abin da ya shuka. Ni na shuka, ke kin ci, ga shaidu."

Ta yi dariya har ta ƙware, aka kawo mata ruwa. Ta ce, "Kaka da kakanni muna cin muruci muna karanta allon nan, ba wanda ya haɗa su sai wannan jarababben. Tafi, Malam, kafin ka karanta mana wata dokar ka rushe gari. Sauran shukarka mu za mu kula da ita."

Ta ba ni yankin giginya guda, mai faɗin faifai, ta sa aka ɗora ni a kwalekwalen da aka fafe daga gungumenta. Gulbi ya zagaya da ni ta bayan Masarautar Gara da Dajin Kututture. Kullum ina duban gabas, kullum gajimare na ƙara duhu. Ranar da na shiga Sambalo hadari ya haɗu, iska na ɗaga rumfunan kasuwa. An riga an fito da gizagon an ɗora shi a kan dutse, Sallau na tsaye da hannuwa a baya.

Na ce, "A dakata! Allah ya gafarta Malam, ina da sabuwar ƙara."

Alƙali Jibo ya ce, "Malam Hambali, ba a gama ta farko ba. Wa kuma ya taɓa ka?"

"Hambali ɗan Goje nake ƙara."

Na ajiye yankin giginyar, na sa alƙali ya danna yatsa a gefe da tsakiya. Na faɗi abin da ya gudana a rumfa ba ragi. Na ce mutumin nan hannunsa ya gaya masa gaskiya, ni na hana shi ji, sannan na kawo shi ƙara, ya yi wata shida ba sana'a.

Alƙali ya yi murmushi ya ce, "To alhamdu lillahi. A mayar masa da gizagonsa. Malam, kai babba ne, a bar maganar, ta wuce."

Na ce, "Ba ta wuce ba! Da shi ne da laifi, a kasuwa za a karya masa sana'a. Don ni ne sai a ce a bar magana? A yanke mini hukunci!"

Jama'a suka yi ta ba ni haƙuri, ina ƙara hawa. Ruwa ya fara sauka. Da alƙali ya ga za mu jiƙe, sai ya ce wanda aka zalunta ya faɗi abin da yake so.

Sallau ya shafa bakin gizagonsa. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, abu biyu. Gobe Malam ya zo rumfata ya gaya mini duk abin da ya gani a can, daga safe har azahar. Daga nan kuma ya zauna a wurin har in gama sabuwar kujera, kada ya ce uffan."

Alƙali ya ce ya tabbatar. A nan ina da ƙorafi, kuma ba zan fasa ba sai an gyara. Magatakardan kotu ya rubuta a littafi cewa "an sasanta". Ba a sasanta ba. An yi shari'a, an same ni da laifi, an yanke mini hukunci. Sau huɗu ina zuwa a kan a kankare kalmar nan, yana ce mini ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Wanda ya karanta "an sasanta" zai zaci Sallau ma yana da nasa kason laifin, alhali ba shi da ko ƙwayar gero. Duk mai jin wannan labari da ya san magatakardan, ya gaya masa ina nan tafe ranar Litinin.

Hukuncin kuwa na cika shi. Kwana tara ina zaune a kan buhu, bakina a rufe. Sallau ya tsaga, ya kwashe totuwa, ya huda da wuta, duk yadda na faɗa. Ran na shida sai na ga ya jiƙa ɗanyen ƙirgi, ya yanka shi siri-siri, yana naɗe mahaɗin ƙafafu da shi a kan turakun. Ba haka ake yi a Dogaye ba! Na yi tari. Na yi gyaran murya. Na miƙe na zauna. Ya ɗago kai ya ce, "Malam, a kawo ruwa ne?" Na girgiza kai, na ciji hannun rigata.

Ƙirgin ya bushe, ya tsuke, ya kama mahaɗin kamar an zuba dalma. Ran na tara Sallau ya kira wasu mahauta uku majiya ƙarfi, suka hau kujerar tare suna tsalle. Ko ƙara ba ta yi ba. Na zagaya ta, na ja ƙafa, na murɗa, na tuna bencinan Iya Tasalla, waɗanda in sun shekara sai an sake buga musu turaku.

Sallau ya ce, "Malam, an gama. Kana iya magana."

Kwana tara ina tara abin da zan faɗa. Da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sallau, yaya aka yi ka san ƙirgi zai kama giginya bai tsaga ta ba?"

Ya kakkaɓe wuri a ƙasa kusa da shi, ya jawo wani guntun azara da ragowar ƙirgin.

Ya ce, "Matso nan, Malam. Miƙo hannunka."

Na matsa, na miƙa.

Iyakar abin da na gani ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Allah ya sa mu gane kuskurenmu tun muna da ƙafar zuwa gyara shi.